Cok mai nauyi ko na ilektronik: wanne ya dace da dogon ƙwan da ke shagonka?

A shaguna da ofisoshi da azuzuwa da ɗakunan asibiti masu yawa, har yanzu dogon ƙwan fuloresan ne ke ba da haske. Kuma duk ranar da ya fara ƙyafta ido ko ya ƙi kamawa, shi ake ɗora wa laifi. A aiki yaro ya sayo sabo, a saka, ya yi wata biyu ko uku, bakinsa ya yi baƙi, sai a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Wani lokaci hakan ne, domin jabu ya cika kasuwa. Amma sau da yawa ciwon yana ɓoye a cikin gidan fitilar, bayan farin ƙarfen nan da ba a cika buɗewa ba: cok ɗin da ke ciki ba na wannan ƙwan ba ne. Mai shago ya yi ta sayen ƙwai yana zubarwa, kuɗin wuta na hawa, janareta na nishi, alhali abin da ya kamata a duba bai fi tsawon tafin hannu ba.

Dalilin da ya sa ƙwan ba ya iya aiki shi kaɗai yana cikin yadda aka ƙera shi. A cikin gilashin akwai iskar gas da ɗan ɗigon zaiba, a kowane baki kuma akwai siririyar waya da aka shafa wa wani sinadari mai taimaka wa wuta ta tashi. Da zarar wuta ta ratsa iskar daga wannan baki zuwa wancan, sai hanyar ta ƙara buɗewa: wuta na ƙaruwa, hanya na ƙara sauƙi, wuta na sake ƙaruwa. In aka bar shi kai tsaye a kan layi, cikin ƙiftawar ido zai ƙone. Cok shi ne linzaminsa. Aikinsa biyu ne: ya ba da bugun farko da zai tayar da ƙwan, sannan ya riƙe wutar da ke ratsa shi a daidai adadin da aka ƙera ƙwan ya ɗauka. Wannan adadi kuwa kowane irin ƙwai da nasa. Shi ya sa shigar ƙafafun ƙwai cikin holda ba ta nufin sun dace da cok ɗin da ke bayanta, kuma kamawar fitila a ranar farko ba shaida ba ce.

Ana kiran dogayen ƙwayayen nan da harafin T da wata lamba, kuma lambar da ke bayan harafin T kauri take nunawa. T12 shi ne tsohon mai kauri, milimita 38. T8 milimita 26, shi ne ya fi yawa a wurarenmu. T5 siriri ne, milimita 16. T12 da T8 ƙafafunsu iri ɗaya ne, ana kiransu G13, tsawonsu ma ɗaya: mai tsawon ƙafa biyu wat 20 a T12 da wat 18 a T8, mai tsawon ƙafa huɗu wat 40 da wat 36, mai tsawon ƙafa biyar wat 65 da wat 58. A nan an yi mana sauƙi, domin T8 na wat 36 dama an ƙera shi ne ya maye gurbin T12 na wat 40 a gidan fitila mai cok da sitata, wato ɗan ƙaramin gwangwanin nan da ke taimaka wa cok tayar da ƙwai. Dukansu kimanin miliamfiya 430 suke ɗauka, miliamfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke ratsa ƙwan. Shi ya sa za ka ga an rubuta 36/40 a jikin cok ɗaya.

Sai dai akwai tarko biyu a wannan wuri. Na farko tsofaffin gidajen fitila marasa sitata da aka yi domin T12, irin waɗanda ake tararwa a tsofaffin gine-ginen gwamnati da bankuna. T8 yana da wuyar tashi fiye da T12 saboda irin iskar da ke cikinsa, don haka a cikin waɗannan gidaje sai ya yi ta dishi-dishi ko ya ƙi kamawa sam. Na biyu kayan Amurka. Can ƙwansu mai tsawon ƙafa huɗu F32T8 ne, wat 32, kuma miliamfiya 265 kawai yake ɗauka. A ido ba ka raba shi da namu na wat 36. In ka ɗora shi a kan cok na 36/40, za a tura masa wuta fiye da ƙima, ya yi haske mai ɗaukar ido na ɗan lokaci, sannan ya mutu da wuri. In kuma ka sami cok na ilektronik na Amurka a cikin kayan gwanjo, duba jikinsa da kyau: wanda aka rubuta wa bolt 120 kaɗai zai ƙone nan take a kan layinmu na 220 zuwa 230, wanda aka rubuta wa 120 zuwa 277 zai iya ɗaukar layin, amma domin ƙwan wat 32 aka yi shi, namu na 36 ba zai ba da cikakken haskensa a kansa ba.

T5 ya fi kowa yaudarar ido. Ƙafafunsa G5 ne, a matse suke, kuma ya ɗan fi T8 gajarta, don haka ba ya shiga gidan T8. Matsalar tsakanin 'yan gida ɗaya take. A tsawon milimita 1149 akwai na wat 28 akwai na wat 54. A milimita 549 akwai na 14 akwai na 24. A milimita 849 akwai 21 da 39. A milimita 1449 kuwa har uku ne: 35 da 49 da 80. Jera na 28 da na 54 a kan kanta, in ba ka karanta rubutun bakinsu ba, ba mai gaya maka bambanci. Amma na 28 miliamfiya 170 yake ɗauka, na 54 kuwa 460. Na 28 a kan cok ɗin 54 zai sha wuta kusan ninki uku na abin da ya iya. Na 54 a kan cok ɗin 28 kuma zai kama da rauni, kuma kada a ɗauka wannan lallaɓa shi ake yi. Siririyar wayar bakinsa tana bukatar ta yi zafi zuwa wani mataki kafin ta saki wuta cikin sauƙi. In ba ta kai ba, sinadarin da ke jikinta sai ya riƙa ɓantarewa yana manne wa gilashi. Baƙin da kake gani a bakin ƙwai ke nan. Wuta in ta yi yawa ta kashe shi, in ta yi kaɗan ma ta kashe shi. Kuma T5 irin waɗannan ba sa aiki da cok mai nauyi kwata-kwata, na ilektronik kaɗai aka yi musu.

To a T8, inda mutum ke da zaɓi na gaske, wanne ya fi?

Cok mai nauyi ba komai ba ne face wayar tagulla da aka naɗe a kan ƙarfe. Ɗauke shi a hannu za ka ji shi kamar ƙaramin tubali, in dai na ƙwarai ne. Wanda aka rage wa waya ko aka naɗa da sanholo yakan yi sakayau, kuma shi ne ke saurin zafi. Ba shi da wani abu mai laushi a ciki da zai lalace, shi ya sa za ka tarar da wanda ya shekara ashirin yana aiki. Amma yana cin nasa rabon: ƙwai na wat 36 tare da cok mai nauyi na gama-gari suna jan kimanin wat 45, wato wat 9 na tafiya a zafi kawai. Turai ta tsara musu aji-aji, kuma wani lokaci za ka ga harafin a jikin cok ɗin: aji C har wat 45, B2 har 43, B1 har 41. Na ilektronik kuwa, mai aji A2, ƙwai da cok gaba ɗaya ba sa wuce wat 36. Sirrin shi ne yana juya wutar layi mai bugu 50 a daƙiƙa zuwa mai bugu dubu arba'in ko fiye, kuma a wannan gudun ƙwan yana ba da haske kusan ɗaya da wat 32 kacal.

A fitila ɗaya wat 9 ba abin tayar da hankali ba ne. A kanti mai fitila 40 da ke kunne awa 12 a rana, kwana 26 a wata, bambancin ya kai yunit 112. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta kai kuɗin yunit na masu rukunin A naira 225, daga baya ya dawo wajen 209. Da wannan farashi ana maganar sama da naira 23,000 a wata, a kan zafin da ba wanda ya nema, wanda kuma na'urar sanyaya ɗaki za ta sake cin wuta kafin ta fitar da shi.

Inda bambancin ya fi ciwo shi ne a janareta, kuma nan ne mutane da yawa ba sa lura. Janareta da inbata ba wat kaɗai suke ji ba, amfiyar da ake ja suke ji. Cok mai nauyi da ba a sa masa kafasita ba, wato 'yar na'urar da ke rage amfiyar da fitila ke ja, yana jan kimanin amfiya 0.43 daga layi domin ƙwai ɗaya, kusan ninki biyu na abin da wat ɗinsa ke nunawa. Fitila 40 sun tashi amfiya 17, wato kusan kVA 4. Mai shago ya lissafa wat, ya ga bai kai dubu biyu ba, ya sayi janareta ƙarami, sannan ya rasa me ya sa yake durƙushewa da an kunna fitilu. Cok na ilektronik mai kyau kimanin amfiya 0.16 yake ja, fitilu 40 ɗin nan ba su wuce kVA ɗaya da rabi ba. Ana iya gyara na mai nauyi da kafasita mai wajen maikrofarad 4 a kowace fitila ta wat 36, kuma gidajen fitila na ƙwarai da ita suke zuwa. Abin takaici, masu araha ba su da ita, wasu masu gyara kuma in ta kumbura sai su yanke ta su jefar, tunda fitila na kamawa ba tare da ita ba. Tana kamawa, amma waya da janareta ne ke biyan bashin. Ƙari a kan haka, in janareta ya gaji gudunsa ya sauka ƙasa da 50, cok mai nauyi yakan saki wuta fiye da ƙima ya yi zafi, domin ƙarfin riƙonsa da gudun bugun wutar yake tafiya.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce kowa ya koma ilektronik. Amma wutarmu da zafinmu suna da nasu hukunci.

A jikin cok mai nauyi za ka ga an rubuta tw 130. Ma'anarsa wayar da ke ciki za ta iya zama a zafin digiri 130 tana aiki ba dare ba rana har shekara goma. A jikin na ilektronik kuwa akwai ɗan ɗigo da aka rubuta wa tc, galibi 70 ko 75, wato iyakar zafin da jikinsa zai kai a wannan wurin, kuma iskar da ke kewaye da shi yawanci ba a so ta wuce digiri 50. Dukansu biyu, duk ƙarin digiri 10 a kan iyakar yana raba rayuwarsu biyu. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inuwa ma ta haura digiri 40, ga gidan fitila manne da silin a ƙarƙashin kwano, ko rufaffe cikin roba a ɗakin girki. Mai nauyi yana da sauran sarari mai yawa. Na ilektronik kuwa yana bakin iyakarsa tun kafin a kunna shi, kuma kafasitar da ke cikinsa mai ruwa-ruwa ce, zafi ke busar da ita. Awa 50,000 da kamfani ya yi alkawari ba za ta cika a irin wannan wuri ba.

Haka batun hawa da saukar wuta. Idan wuta ta zo da rauni, mai nauyi da sitata ne ke fara jin jiki: da layi ya sauka ƙasa da bolt 190 ko makamancin haka, sai ka ga sitata na ta ƙyas-ƙyas, bakin ƙwai na ja, amma ya ƙi kamawa, kuma kowane yunƙuri yana cin rayuwar ƙwan. Na ilektronik mai kyau ya fi haƙuri a nan, haskensa ma ba ya rawa da layi, ko da yake yawancinsu 220 zuwa 240 aka rubuta musu, da ɗan sarari sama da ƙasa. Amma idan wuta ta zo da ƙarfi, ko tsawa ta bi layi da damina, ko wayar nutural ta tsinke a gini mai layi uku har wajen bolt 400 ya faɗo kan fitilu, to na ilektronik ne ke mutuwa nan take, wani lokaci jere guda gaba ɗaya. Mai nauyi yakan jure bugun da ya zo ya wuce. In ka san layin unguwarku da irin wannan hali, kuma ba ka da abin kariya a allon rarraba wuta, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi tunani sau biyu.

Ga hasken kansa, na ilektronik ya yi gaba ba gardama. A kan cok mai nauyi ƙwai na dushewa yana dawowa sau 100 a kowace daƙiƙa. Yawancin mutane ba sa gani, amma masu zama ƙarƙashinsa yini guda suna karatu ko ɗinki wasu kan yi kukan gajiyar ido da ciwon kai, kuma kyamarar waya na nuna shi a matsayin layi-layi. A wurin kafintoci da masu injin niƙa da na yankan ƙarfe abin ya wuce gajiya, domin wannan rawar na iya sa abin da ke juyawa da gudu ya yi kamar yana tafiya a hankali ko ma a tsaye yake. Hannun yaron shago ya fi ƙarfin a yi wasa da shi a kan bambancin kuɗin cok. Ga kuma ƙugin nan na zzz da tsohon cok ke yi, wanda a ɗakin karatu ko ɗakin marasa lafiya da dare yake hana sakat. Na ilektronik shiru yake, yana kamawa ba ƙyafce-ƙyafce, kuma mai kyau yakan kashe kansa idan ƙwai ya ƙare, maimakon ya kwana yana fama da shi.

Na faɗi "mai kyau" sau da yawa, kuma da gangan ne, domin abin da ake kira cok na ilektronik a Sabon Gari ko Alaba kashi biyu ne da ba su haɗa komai ba sai suna. Akwai dogo mai gidan ƙarfe, da jerin ƙwayayen da yake ɗauka a rubuce, da zanen yadda ake haɗa waya, da alamar tc, da adadin amfiya. Akwai kuma ɗan ƙarami mai gidan roba, mara nauyi kamar ba komai a ciki, an rubuta 40W kawai an yi shiru. Wannan na biyun yawanci ba ya ba ƙwai cikakkiyar wutarsa, sai mai shi ya ga mita ta rage gudu ya yi murna, bai san haske ne aka rage masa ba. Ba ya ɗuma bakin ƙwai kafin ya tayar da shi, ba ya gyara amfiyar da yake ja, ba shi da matatar da ke hana shi damun wasu na'urori. Mai sauraron rediyo a gajeren zango ya san shi, da an kunna fitila tasha ta cika da shuu. A ganina wannan shi ne mafi munin zaɓi cikin ukun. Tsohon cok mai nauyi na ƙwarai ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ko a cikin masu kyau akwai bambancin da ya shafi inda za a sa su. Wasu suna ɗuma siririyar wayar bakin ƙwai na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin su tayar da shi. Wasu kuwa bugu ɗaya suke yi masa da bolt ɗaruruwa yana sanyi, ya kama nan take. Na biyun ba laifi a wurin da ake kunna fitila da safe a bar ta har dare, kamar babban kanti ko ma'ajiyar kaya. Amma a banɗaki, ko baranda mai na'urar gane motsi, ko duk inda ake ɗauke wuta ana komawa janareta sau da yawa a yini, kowane tashi cikin sanyi yana ɓantarar sinadarin bakin ƙwan. Ga masu zama da wutar da ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwan ba ya bambanta tsakanin hannunka a kan makunni da ɗaukewar wuta. Manyan kamfanoni na ba T8 mai kyau kimanin awa 15,000 a kan cok mai nauyi, awa 20,000 a kan na ilektronik mai ɗumawa, kuma wannan lissafi an yi shi ne a kan kunnawa sau ɗaya a kowace awa uku. Don haka mai ɗumawa nake ba da shawara a kusan ko'ina a wajenmu.

Sitata ma tana da nata dacewar, ko da yake ita ce mafi arha a cikin gidan. S10 ta ƙwai ɗaya ce a kan cok ɗaya, daga wat 4 zuwa 65. S2 kuwa ta inda aka jera ƙwai biyu na wat 18 a kan cok ɗaya na 36/40 ce, kamar yadda ake yi a fitilun silin masu murabba'i na ofis masu ƙwai huɗu. Sa S10 a irin wannan haɗi, fitilar ba za ta kama ba, domin rabin ƙarfin layi kawai ke isa kowace sitata. Sa S2 a ƙwan wat 36 kuma, ta yi ta katse shi bayan ya kama. Hirar da ake yi a nan kusan kullum iri ɗaya ce:

"Malam, ƙwan nan ko wata uku bai yi ba fa."

"Ranka ya daɗe, ba ƙwan ba ne. Dubi bakinsa biyu sun yi ja, tsakiya duhu. Sitata ce ta maƙale. Taɓa nan ka ji cok ɗin."

In ka ga wannan alama, kashe fitilar ko ka zare sitatar a lokacin, kada a bar ta ta kwana. A wannan hali cok na jan wuta fiye da ta aikinsa na kullum, yana ta ɗaukar zafi, ga shi a manne da silin ko katako, a shago cike da kaya. Kuma ka saba da canza sitata duk lokacin da ka canza ƙwai.

Gajerun ƙwayaye masu lanƙwasa da ake sokawa a fitilun cikin silin, ƙa'idarsu a ƙafa take. Mai ƙafa biyu sitatarsa na cikin gindinsa, cok mai nauyi kaɗai yake bi. Mai ƙafa huɗu na ilektronik ne. Har ila yau gindin na wat 13 da na 18 da na 26 kowanne da ɗan tudunsa a wuri dabam domin kada a musanya su, kuma wanda ya sa wuƙa ya fefe tudun don ƙwai ya shiga, ya cire abin da aka sa domin kare shi ne. Maganar rage haske kuwa gajeriya ce: makunnin rage haske na gama-gari ba ya aiki da ko ɗaya daga cikin cok ɗin nan, sai an sayi wanda aka yi musamman domin haka, da wayoyinsa na sarrafawa.

Abu ɗaya da ba ruwansa da cok amma yana da ruwa da ciniki: lambar launi. Ƙwai na wat 36 mai lamba 765 kimanin lumen 2,500 yake bayarwa (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), mai lamba 840 kuwa 3,350, da wuta iri ɗaya a kan cok iri ɗaya, kuma masu farawa da 8 sun fi nuna launi na gaskiya. Mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda ya gaji da masu saye suna fita da yadi bakin ƙofa don su ga ainihin kalarsa, ya fi kowa cin ribar wannan. A batun zafi kuma T5 yana da wata fa'ida ta gaske a ƙasarmu: cikakken haskensa a digiri 35 yake fitowa, T8 kuwa a 25, yana raguwa in zafi ya haura.

Duk da wannan fa'ida, ba zan ce wa kowa ya sa sabbin gidajen T5 ko T8 a yau ba. Tarayyar Turai ta hana shigar da su kasuwarta tun watan Agustan 2023 saboda zaibar da ke cikinsu. A ƙarshen shekarar 2023 ɗin kuma, a taron ƙasashen yarjejeniyar Minamata da aka yi a Suwizalan, an amince a daina ƙera dogayen ƙwayayen fuloresan na hasken yau da kullum da cinikinsu tsakanin ƙasashe zuwa ƙarshen 2027, kuma ƙasashen Afirka ne suka gabatar da bukatar. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar. Abin da wannan ke nufi ga mai shago shi ne ƙwai da cok na ƙwarai za su yi ta ƙaranci, na banza ne za su daɗe a kan kanta.

Saboda haka ga yadda nake auna abin. Wanda ke da fitilu 'yan kaɗan masu cok mai nauyi, suna aiki lafiya, a wuri mai zafi da layi mai hauka, ya bar su, ya tabbatar da kafasita da sitata daidai, ya sayi ƙwai mai lamba 840 ko 865. Wanda ke da ofis ko asibiti cike da gidajen T8 ko T5 masu kyau da cok na ilektronik, in ɗaya ya mutu ya ɗauki mataccen ya je da shi kasuwa, ya nemi wanda rubutunsa ya zo ɗaya: irin ƙwai, wat, da adadin ƙwai, domin 1x36 ba 2x36 ba ne, zanen wayarsu ma dabam. A haɗa yadda zanen jikinsa ya nuna, a cire sitata da kafasita na tsohon haɗi in daga mai nauyi aka sauya, a haɗa wayar ƙasa, kuma kada a tara da yawa a kan bireka ɗaya, domin a lokacin kunnawa suna fizgar wuta mai yawa. Wanda kuwa cok ɗinsa suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ko yake kan janareta da inbata mafi yawan yini, kuɗin sabon cok gara ya tafi a kan dogon ƙwan LED. A kantin nan mai fitila 40, sauka daga wat 45 zuwa 18 na rage wajen yunit 337 a wata.

Sai dai LED ɗin ma bai tsira daga maganar dacewa ba. Akwai wanda aka yi domin gidan cok mai nauyi: a bar cok, a zare sitata, a sa 'yar sitatar da ta zo cikin kwalinsa. Akwai na cok ɗin ilektronik, kuma shi ba kowane cok yake bi ba, kamfanin kan fitar da jerin waɗanda ya gwada. Akwai kuma mai shan wuta kai tsaye, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwanninmu kuma shi na fi so, tunda an rabu da cok gaba ɗaya. Shi ma iri biyu ne: mai karɓar waya biyu a baki ɗaya, da mai karɓar ɗaya a kowane baki. Wasu holdoji ramukansu biyu a haɗe suke ta ciki, in aka kai musu wuta da nutural a baki ɗaya sai tartsatsi. A duba lumen a kwali, ba wat kaɗai ba, domin LED na wat 18 mai arha sau da yawa bai kai hasken ƙwan 840 da ya maye gurbinsa ba.

Duk gidan fitilar da aka cire wa cok, a rubuta a cikinsa da alƙalami mai kauri cewa LED kaɗai yake ɗauka, da bakin da wuta ke shiga. Wanda zai zo canza ƙwai bayan shekara biyu ba lalle ne shi ya yi haɗin ba, kuma in ya soka fuloresan a holdar da ke ɗauke da bolt 230 kai tsaye, a saman tsani abin zai same shi. Tsofaffin ƙwayayen da aka cire kuma a mayar da su cikin kwalayensu a ajiye inda ba za su fashe ba, kada a bar wa yara su yi wasa da su ko a farfasa su a bola, saboda zaibar da ke ciki. In ɗaya ya fashe a shago, a buɗe ƙofa da taga, mutane su fita na ɗan lokaci, sannan a kwashe gilashin da kwali da jiƙaƙƙen tsumma a ɗaure a leda.